Guntu, Zalɓe da Ƙafar Uwar Yara

Guntu ake ce masa tun yana yaro, kuma har furfura ta cika masa gemu bai ƙara tsawon da zai sa a canza masa suna ba. Shi ma bai taɓa neman a canza ba. Gyaran keken ɗinki ne sana'arsa. Idan keke ya fara cin zare, ko yana tsallake ɗinki, ko yana karya allura babu dalili, sai ka ji tela ya ce a nemo Guntu. Yakan zo da jakarsa ta fata, ya zauna, ya ce a taka masa keken tukuna. Ba ya taɓa komai sai ya saurara. Ya karkata kai kamar wanda ake yi wa raɗa, sannan ya zaro 'yar sukundireba ya ɗan juya nan, ya ɗiga mai can, shi ke nan. Teloli kan ce rabin aikin Guntu da kunne yake yin sa.

Kekunan cikin gari ba su da wahalar kaiwa. Na bayan gari su ne aiki. Akwai mata a ƙauyuka da gidajen gona waɗanda da keken nan suke riƙe da 'ya'yansu, a wuraren da kwalta ta ƙare tun da nisa, burji ma ya ƙare, sai yashi da kwazazzabai. Shekaru da yawa da ƙaramin babur yake zuwa musu, irin wanda kowa ke hawa, rabin hanya a kai, rabi yana turawa. Ranar da ƙaramin ya kafe a tsakiyar wani rafi, kan keken wata tsohuwa da ya ɗauko zai gyara a gida ya faɗa ruwa, ranar ya ce ya isa haka.

A lokacin wasu masu haƙa rijiyoyi sun gama aikinsu a yankin suna sayar da kayansu. Cikin kayan akwai wani babur dogo, ja da fari, mai siririn ciki, tayoyinsa duk haƙora. Aka ce masa irin wannan kwalta tasa ce, daji ma nasa ne. Guntu ya zagaya shi sau uku, ya sa aka tayar, ya karkata kai ya saurari injin. Muryar ta yi masa. Abin da bai yi ba shi ne auna ƙafarsa. Mai sayarwa ne ya riƙe masa ya hau, ya sake shi, ya kama hanya yana jin kansa a sama kamar bai taɓa ganin rufin motoci ba sai ranar.

Da ya iso ƙofar gida ya taka birki, ya miƙa ƙafa zai dafa ƙasa, ƙasa ta ƙi zuwa. A hankali, babu gaggawa, shi da babur suka kwanta a gefe ɗaya kamar masu shirin barcin rana.

Matarsa ta fito da almakashi a hannu. Doguwa ce mai jiki, idan sun jera hularsa ce daidai kafaɗarta. Ita ma ɗinki take yi, ta dalilin kekenta ma suka haɗu, domin sau huɗu ya je gidansu gyara a wata guda, har mahaifinta ya ce ko dai a sayar da keken nan, ko kuwa mai gyaran ya faɗi abin da ke kawo shi.

Ta tsaya a kansa ta ce, "Maigida, me kake nema a ƙasa?"

"Uwar yara, ɗaga min shi tukuna, ma yi maganar daga baya."

Ta ajiye almakashin, ta ɗaga babur ɗin kamar tana ɗaga katifa. Ta dube shi daga taya har madubi. "Wannan zalɓen fa? Duk kasuwar babu daidai kai?"

"Ki ji muryarsa kawai."

"Muryar za ka hau?"

Daga ranar sunan babur ɗin ya zama Zalɓe. Kafin yamma matar ta gangaro da bulo biyu na siminti, ta ajiye ɗaya a ƙofar gida, ɗaya a tsakar gida kusa da durom ɗin ruwa. Ta kuma faɗa masa ƙarara cewa ita dai ƙafarta ba za ta taɓa hawa wannan abin ba, ko da shi kaɗai ya rage a duniya.

Haka Guntu ya koyi tafiya irin tasa. Ba ya tsayawa sai inda ƙafarsa za ta sami abin takawa. A cikin gari ya san kowane bakin kwalbati, kowane dakalin shago. Idan ya hango danja ta nuna ja, tun daga nesa yake rage gudu, ya yi ta lallaɓawa har ta ba da hannu. A ƙauyuka kuwa, matan da yake yi wa gyara da kansu suka lura. Ba wanda ya ce su yi. Wata ta sa aka mirgino dutse ƙofar gidanta, wata ta kafa kututture, wata kuma ta cika tsohuwar taya da ƙasa. Kafin shekara ta zagayo, ka bi hanyar dajin nan ka ga dutse shi kaɗai a bakin ƙofa, ka san akwai keken ɗinki a gidan. Yara ma sun san ba a ɗauke dutsen Guntu.

Shi kuwa Zalɓe bai taɓa ba shi kunya ba. A kwalta ya miƙe shiru kamar ba shi ba. Da an sauka a yashi sai ka ga abin da aka yi shi dominsa. Yashi ba ya son mai ɗari-ɗari: ka rage wuta, tayar gaba ta nutse ta kayar da kai. Sai Guntu ya miƙe tsaye a kan matakan ƙafa, ya ja jiki baya, ya murɗa totur, ya bar kan babur ɗin ya yi 'yar rawarsa. A nan gajartarsa ba ta dame shi da komai ba. Kowace Juma'a da yamma yakan wanke sarƙa da tsohon buroshin haƙori, ya ɗiga mata mai kamar yadda yake ɗiga wa kekuna, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Matar takan leƙo daga kan kekenta ta ce, "In ya amsa ka kira ni."

Wuri ɗaya ne a hanyar yake ba shi haushi. Akwai wani tafki bayan gonakin rake, shimfiɗaɗɗen wuri, babu dutse, babu kututture, ƙasar kuma taushi gare ta. Da safe ruwan kan cika da fararen furanni, zalɓuna na gaske suna tsaye a ciki da ƙafa ɗaya. Kullum sai dai ya kalla da gefen ido ya wuce. In ya dawo gida yakan ba ta labari.

"Yau sun kai goma sha. Wata rana sai na nuna miki."

"A kan ɗan'uwansu? Ka ci gaba da gani mana mu biyu."

Shekara ashirin da ɗaya ke nan da zuwan Zalɓe gidan. A cikin ta goma sha takwas gwiwar Guntu ta dama ta fara ciwo. Hawa ba ya gagarar sa, tafiya ma haka. Tayarwa ce matsalar. Zalɓe ba shi da maɓallin tayarwa, sai an buga kik, kuma kik ɗinsa ba na wasa ba ne, sai mutum ya sauke nauyinsa duka. Wata safiya ya buga sau bakwai, a na takwas ya sauko ya zauna a kan bulon ya riƙe gwiwa.

Matar ta daɗe tana kallonsa daga baranda. Sai ta tashi ta je ta rufe ƙofar gida, ta sa sakata.

"Nuna min," ta ce.

"Nuna miki me?"

"Maigida, shekara talatin ina taka keke da ƙafar nan. Nuna min."

Ya nuna mata. Ki taka a hankali har ki ji ya cije. Ki ɗan wuce kaɗan. Ki bar shi ya dawo sama. Sannan ki sauka da ƙarfinki duka, kada ki tsaya a rabi. Bugu na uku Zalɓe ya tashi. Ta ja da baya tana haki, ta ce, "Amma fa hawa ban hau ba."

Tun daga ranar haka suke yi kowace safiya, ƙofa a rufe. Ta tayar, ya taka bulo ya hau, ta zare sakata ta buɗe masa, ya fita yana ɗaga wa maƙwabta hannu. Ba su faɗa wa kowa ba, har 'ya'yansu. A waje kuma sai ya sake wani sabon lissafin hanya: yanzu ba dutse kaɗai yake nema ba, har da gangara. Ya ajiye Zalɓe a kan tudu yana fuskantar ƙasa, in zai tafi ya sa giya ta biyu, ya riƙe kuloci, ya sake birki, in ya ɗauki gudu ya saki kulocin, injin ya kama. Gidajen da ke kan shimfiɗa kuwa sai ya bar babur ɗin can inda tudu yake, ya rataya jaka ya ƙarasa da ƙafa yana ɗingishi. In an tambaye shi ya ce likita ne ya ce ya riƙa motsa jiki.

Shekara uku dabarar tana aiki. Sai wata rana da tsakar rana Zalɓe ya mutu masa a ƙasan wani busasshen rafi, tudu gaba, tudu baya. Ba wani abu ba ne, datti ne ya shiga mai. Ya kwantar da shi a jikin gaɓa ya gyara cikin minti goma. Amma wa zai tayar? Ya gwada sau biyu, gwiwar ta yi wani irin ƙara, ya zauna a yashi cikin 'yar inuwar babur ɗin. Nan ya wuni har la'asar, sai da mijin wata da yake yi wa gyara ya zo wucewa ya buga masa.

Mako bai cika ba matar mutumin nan ta kai ɗanta asibitin gari. Babbar 'yar Guntu nas ce a can. Cikin kyakkyawar niyya matar ta ce mata, "Sannunku, ya ƙafar Baba? Ai ranar nan da ya wuni a rafi mun ji tausayinsa."

Ranar Asabar da safe sai ga nas ɗin a gida, ta taho da ƙanenta, direban babbar mota. Bayan gaisuwa da shayi, ta tashi ta nufi ƙusar da ake rataye makullin Zalɓe, ta cire shi ta riƙe a tafin hannu.

"Baba, na ji labarin rafi."

Guntu ya dubi kofinsa. "Uwata, mutane da ƙarin gishiri. 'Yar hutawa na yi."

"Daga azahar har la'asar? Da ba wanda ya wuce fa?"

Direban ya ce, "Baba, ka huta haka nan. Wanda kekensa ya lalace ya kawo gida. Benci zan sa a yi maka a ƙofa, da rumfa."

"Kai da kake jan tirela, ka taɓa ɗaukar kan keke a ka ka yi tafiyar awa uku a yashi? Tsohuwar da ke bayan gonakin rake ita za ta kawo? Kekuna arba'in da shida ne a dajin nan. Na san muryar kowanne."

"Mun sani, Baba," in ji nas ɗin, muryarta ta yi laushi amma ba ta saki makullin ba. "To ga magana ɗaya. Ka tayar da shi yanzu a gabana. In ya tashi, ga makullinka, ba zan ƙara cewa uffan ba. In bai tashi ba, ƙanena zai sa shi a mota yau ɗin nan."

Uwar yara tana kan kekenta a baranda, ta daina takawa, amma ba ta ɗago kai ba.

Guntu ya karɓi makullin. Ya taka bulo, ya hau, ya buɗe mai. Ya taka kik a hankali har ya cije, ya ɗan wuce, ya bar shi ya dawo. Komai daidai, kamar yadda ya koyar. Ya sauka da abin da ya rage masa na ƙarfi. Zalɓe ya yi tari ɗaya ya yi shiru. Ya sake. Ya kuma sakewa. A na huɗu zufa ta jiƙa masa wuyan riga, ƙafar kuma ta ƙi ɗaguwa. Ya zauna a can sama, hannuwansa a kan tanki, yana shafa wurin da fentin ya koɗe. Direban ya kawar da kai yana kallon igiyar shanya.

"To, Uwata," Guntu ya ce a hankali. "Kin gani."

Sai aka ji ƙarar kujera. Uwar yara ta miƙe, ta kakkaɓe zare daga jikinta, ta nufi bayan durom ɗin ruwa. Ta jawo wani tsohon takalmi sau-ciki, babba, ƙafar dama kaɗai, ta zura.

Direban ya zaro ido. "Inna, wannan ai takalmina ne! Shekara uku ina neman ɗayan!"

"Ka nemi na hagun, yana ƙarƙashin gado. Maigida, sauko."

Ya sauko. Ta ɗaure zani da kyau, ta riƙe kan babur ɗin, ta taka, ta jira ya cije, ta sauka. Bugu ɗaya. Zalɓe ya tashi yana gurnani kamar ya ga mai shi.

Nas ɗin ta riƙe baki. Ta dubi uwar, ta dubi takalmin, ta sake dubanta. "Inna, ciwon nan na ƙwaurinki da na wanke miki bara, kika ce ƙarfen gado ne..."

"Kik ne ya dawo. Ranar ban sauka duka ba."

"Tun yaushe?"

"Tun da ya kamata."

Nas ɗin ta fara dariya, dariyar ta koma hawaye, ta share da bayan hannu. Amma aikinta ya koya mata kada ta bar magana a rabi. Ta jira uwar ta kashe injin, sannan ta ce, "Na gani, Inna. A gida akwai ke. A cikin rafi fa? Wa zai buga masa?"

Guntu ya zare makullin ya miƙa wa 'yarsa da kansa, domin ya san gaskiya ta faɗa. Uwar yara ta dubi hannun nan nasa da ke miƙe. Ta dubi wurin zaman Zalɓe, can sama, siriri kamar katako.

"Ni," ta ce.

"Ke me, Inna?"

"Ni zan buga. Ku sayo min hular kwano, mai girma, kaina ba irin na ubanku ba ne."

Guntu ya ce, "Uwar yara, kin fa ce ko shi kaɗai ya rage a duniya..."

"Na san abin da na ce. Wa ya tambaye ka? Kuma ka ji, in ka yi gudu da ni, a dajin zan bar ka."

Nas ɗin ta daɗe tana juya makullin a hannu. Ta kafa sharuɗɗanta: a ɗaure gwiwar kullum, kwana uku kawai a mako, in hadari ya haɗu ba fita. Sannan ta miƙa makullin, ba ga uban ba, ga uwar.

Ranar Litinin suka fita. Ta sa wandon ɗanta a ƙarƙashin zani, takalman biyu sun haɗu, jakar kayan aiki a bayanta. Maƙwabta suka fito bakin ƙofa suna kallo, ita kuwa ba ta ga kowa ba, domin tun da suka bar layin ta runtse ido, ta damƙe rigarsa har maɓalli ɗaya ya tsinke. A kwalta addu'a take yi. Da suka sauka a yashi kan babur ɗin ya fara rawa, ta ce, "Maigida, zai kayar da mu!" Ya ce, "Kada ki yi faɗa da shi, bi jikina kawai." Ta bi. Can ya ji hannunta ya ɗan sassauta.

Bayan gonakin rake sai ga tafkin. Hantsi bai gama ɗagawa ba, furannin a buɗe. Guntu ya kalla da gefen ido kamar kullum, har ya wuce da 'yan taku. Sai ya rage wuta, ya rage, ya kama birki. Ƙafarsa ta fita da kanta tana laluben dutsen da babu. Zalɓe ya fara karkata. Sai ya ji ya tsaya cak. Ya duba ƙasa, ga babban takalmin nan a dafe, na dama, sannan na hagu.

Ya kashe injin. A shimfiɗaɗɗen wuri, babu tudu ko ɗaya.

"Lafiya? Ya mutu ne?" ta tambaya, har yanzu idonta a rufe.

"Lafiya lau. Buɗe ido."

Ta buɗe. Zalɓunan suna nan tsaye a cikin ruwan, dogaye, kowanne da ƙafa ɗaya, ko motsi ba su yi ba. Ta ƙirga su da leɓe ba tare da ta fitar da murya ba.

"Goma sha huɗu," ta ce. "Ashe ba ƙari kake yi ba."

Suka daɗe a haka, shi a gaba ƙafafunsa na lilo, ita a baya tana riƙe da su duka. Can ta ce, "To, tsohuwar nan tana jira. Sauka in buga."

Har yau duwatsun suna nan a ƙofofin gidajen, ba wanda ya ɗauke. Guntu bai cika buƙatarsu ba yanzu. Uwar yara ce ke zama a kai ta kwance igiyar takalmi, ta sha ruwa, tana duba ɗinkin matan gidan tana ce musu bakin rigar nan bai miƙe ba, shi kuma yana ciki ya karkata kai yana sauraron keke.